Agogo Mai Ƙirga Taku: Jagorar Jinyar Sabuwar Gwiwa a Madarumfa

Ranar da aka dawo da gwaggona gida Madarumfa bayan an sauya mata gwiwar dama, ta shigo da kaya uku da ba ta fita da su ba: ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, da takardar sallama cike da rubutun likita, da wani ɗan baƙin agogon roba da ɗanta ya ɗaura mata a hannu. Ƙarfen ta san amfaninsa, takardar ta ba mu ajiya, agogon kuwa kallon raini ta yi masa. Ta ce ita da ta tsufa tana gane azahar da inuwar katanga, me za ta yi da agogo yanzu? Aka ce mata ai ba don lokaci aka saya ba, takunta zai riƙa ƙirgawa. Sai ta ce, "To, Allah ya ba shi haƙuri, don ba zai samu abin ƙirgawa ba."

Kafin wata uku, ita ce ke miƙo hannu bayan sallar isha'i tana ce wa jikanta, "Kai maigidan, zo ka karanta mini, nawa na yi yau?"

Abin da muka koya a waɗannan watanni, haɗe da abin da masana suka tabbatar, shi na tattara a nan domin wanda aka yi wa irin wannan aiki da kuma mai kula da shi. Duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya yi aikin, tasa ce gaba, domin shi ya ga cikin gwiwar.

Abin da aka yi wa gwiwar, da abin da ya rage

Gwiwa mahaɗa ce ta ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, ga ƙoƙon gwiwa a gaba. Bakin kowane ƙashi lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, irin wanda kake gani a gaɓar rago ranar layya. Idan amosanin gaɓɓai ya cinye shi, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, har mutum ya kasa tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Likitan ƙashi yakan sassaƙe bakin ƙasusuwan biyu, ya sa wa kowanne hular ƙarfe, ya saka faifan roba mai tauri a tsakani. Samfurin da ake bi yau ya samo asali daga wanda John Insall da abokan aikinsa suka fito da shi a New York a 1974. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa a cikin gwiwoyi 100 da aka sauya, 82 suna nan suna aiki bayan shekara 25.

Ƙarfe ba ya ciwo, amma naman da ke kewaye da shi yana yi. Tsokar gaban cinya, wadda ke miƙe ƙafa, takan rasa fiye da rabin ƙarfinta a watan farko. Tabon ciki kuma yana ta ƙoƙarin ɗaure gaɓar, in ba a riƙa lanƙwasa ta ana miƙewa ba sai ta sandare. Wannan rabin aikin a tsakar gida ake yinsa.

Ga mutumin Madarumfa, a nan gizo ke saƙa. Likitan da ya yi aikin yana nesa: ko a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, sai an bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ko a Yamai, fiye da kilomita 600, ko ma a Indiya, Masar ko Tunisiya ga mai hali. Kowa ya tuna yadda iyakarmu da Najeriya ta kasance a rufe daga bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Likitan gashi ma, wanda muke kira kine, ba kullum ake samun zuwa wajensa a Maraɗi ba.

A gida kuwa abu biyu ke ɓata jinya. Na farko tausayi: "Kwanta, Inna, me kike so a kawo miki?" Haka za a yi ta kawowa har ƙafa ta mutu a gado. Na biyu zumuɗi: ranar da ciwo ya lafa sai a tashi a tafi gaisuwar rasuwa a wata unguwa, a dawo gwiwa ta kumbura kamar tulu, a yi kwana huɗu a kwance. Duka biyun ba a ganinsu da ido sai sun yi ɓarna, amma lambar agogo tana tona su tun da wuri. An gwada wannan a Ostireliya: a wani bincike da aka buga a 2018 kan mutum 163 da aka sauya wa gwiwa ko ƙugu, an ɗaura wa kowa agogo, aka bar rabi suna ganin lambarsu tare da adadin da ake so su kai, aka rufe wa sauran fuskar agogon. Masu gani sun fi sauran taku da kashi 43 cikin 100 a makon farko, kuma bayan wata 6 suna gaba da kashi 17.

Yadda yake ƙirgawa, da inda yake ruɗewa

A cikin agogon akwai wata ƴar na'ura da ba ta fi ƙwayar dawa girma ba, aikinta jin girgiza. Duk sa'ad da diddige ya bugi ƙasa jiki yakan ɗan girgiza, hannu ya yi lilo. Idan girgizar ta zo a jere da salon tafiya, sai na'urar ta lissafa taku. Ba ta ganin ƙafa, kirdado take yi, shi ya sa take kuskure ta fuska biyu.

Tana ragewa idan hannuwa biyu suna dafe da ƙarfen dogarawa, tunda ba sa lilo. Tana ragewa idan tafiyar ta jan ƙafa ce a hankali, wadda ita ce tafiyar makonnin farko. Agogo da yawa ma ba sa fara lissafi sai an jera taku kusan goma, don haka zirga-zirga daga gado zuwa kujera takan ɓace. A kwana biyun farko gwaggo ta je ban-ɗaki ta dawo sau da yawa, amma agogo ya nuna kamar ba ta sauko daga gado ba, har ranta ya ɓaci ta ce a cire mata wannan maƙaryaci.

Tana kuma ƙarawa. Fifita da mafici, tankaɗe, daka da wanki duk suna iya shiga lissafi. Haka hawan kabu-kabu ko amalanke a hanya mai gargada. Ranar da muka kai gwaggo cire zare, a mota ta je ta dawo, amma da dare agogo ya ba ta lambar da ba ta taɓa samu ba. Jikanta ya ce mata, "Amarya, yau kin yi tsere da direba ke nan."

Wanne za a saya

Ba sai mai tsada ba. A Amurka kamfanin Zimmer Biomet ya haɗa manhajar jinya da Apple Watch tun 2018, kuma a 2021 hukumar FDA ta amince da wata gwiwar ƙarfe mai na'ura a cikinta, wadda ke aika wa likita rahoton taku da kanta. Mu a nan abin da ya dace da mu shi ne ɗan siririn agogon roba irin na Xiaomi, Huawei ko Oraimo, da ake samu a shagunan waya.

A duba abu huɗu. Batirin ya kai mako ɗaya zuwa biyu kafin a sake caji, domin agogon da ke neman wuta kullum ba zai jure ɗaukewar wutar NIGELEC ba. Lambobin su fito manya, yadda tsoho zai karanta ba tare da tabarau ba. Ruwa kada ya ɓata shi. Sannan ya nuna jimillar taku a fuskarsa ko da babu waya a kusa. Haɗa shi da waya ta Bluetooth ba ya cin kuɗin intanet, sai dai ranar sauke manhajar da ranar aika saƙo.

Wanda bai da halin agogo, wayar Android ma tana ƙirga taku da manhaja irin su Google Fit ko Samsung Health, muddin tana jikinsa duk yini. Matsalarta ita ce yara kan ɗauke ta, ko a bar ta wajen mai caji.

Gargaɗi ɗaya: wasu agogon kasuwa suna da'awar auna hawan jini da sukari. Kada a dogara da su. A Fabrairun 2024 FDA ta fito fili ta ce kada a yi amfani da agogo ko zobe wajen auna sukarin jini. Mai ciwon sukari ya ci gaba da awon ɗigon jini, domin sukarin da ya hau yana hana rauni warkewa, yana kuma buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta.

Inda ake ɗaurawa, da gwajin taku 100

Muddin ana tafiya da ƙarfen dogarawa ko sanduna biyu, a sauke agogon daga hannu. Namiji ya sa shi a aljihun wando, ba aljihun riga mai reto ba. Mace ta sa shi a lalita ta ɗaure a ƙugu. In madaurin ya kai, a ɗaura shi sama da idon sawun ƙafar mai lafiya, domin nan ne lissafi ya fi zama daidai ga mai tafiya a hankali. Kada a ɗaura komai mai matsewa a ƙafar da aka yi wa aiki. Idan an koma sanda ɗaya, sai a mayar da shi hannun da babu sanda.

Kafin a yarda da shi a gwada shi. A duba lambar da ke kai, mai gwiwar ya yi taku 100 da irin tafiyarsa, wani yana binsa yana ƙirgawa da ƙarfi, kowace ƙafa ta sauka ɗaya ne. A sake dubawa. In bambancin bai wuce 10 ba, wurin ya yi. In agogo ya ce 40, a sauya wuri a sake. Duk inda aka tsayar, a bar shi nan kullum, domin abin da muke nema shi ne kwatanta yau da jiya, kuma mudun da aka auna jiya da shi ake auna yau.

A sa shi da asuba, a karanta bayan isha'i, kafin sha biyun dare ta share lambar. In an cire don alwala ko wanka, a tuna a mayar. Lokacin zafi gumi kan taru ƙarƙashin roba ya kawo ƙuraje, don haka a riƙa wanke madaurin ana barinsa ya bushe.

Littafin jinya

Lambar taku ita kaɗai ba ta isa ba. Mutum zai iya yin taku 3,000 da ƙafa a sandare yana ɗingishi, agogo ya yaba masa. Saboda haka a sayi littafin ƴan makaranta, a ja layi gida shida, a rubuta da boko ko da ajami.

Gida na farko kwanan wata, na biyu jimillar taku. Na uku ciwon safe, daga 0 zuwa 10. In lamba ta yi wa tsoho wuya, ya ce babu, kaɗan, da dama ko mai tsanani. Na huɗu kumburi: a ari tef ɗin awo na tela, a zagaya gwiwa ta tsakiyar ƙoƙo, kowace safiya kafin a sauko daga gado, a rubuta santimita.

Gida na biyar lanƙwasa. Mai gwiwar ya kwanta rigingine, ya jawo diddige zuwa wajen mazaunai iya ƙoƙarinsa, a auna tazarar da ta rage. Kowane mako ya kamata ta ragu. A kuma duba miƙewa: ya miƙe ƙafar a kan shimfiɗa mai tauri ya danna bayan gwiwa ƙasa, a ga ko tafin hannu na shigewa ta ƙarƙashi. Ƙafar da ba ta miƙewa sosai ɗingishi za ta bar wa mai ita, shi ya sa ba a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa lokacin barci, ko da kuwa ya fi daɗi. In za a ɗaga ƙafa, a tallafe ta tun daga sha-raɓa har diddige.

Gida na shida bayani: "an hau mota", "an yi baƙi", "an yi tankaɗe". Wannan gidan shi zai hana lambar ƙarya ta yaudari likita.

Mako bayan mako

In da hali, a fara sa agogon mako ɗaya ko biyu kafin tafiya asibiti. Lambar da aka samu a lokacin ita ce ma'aunin mutum na kansa, kuma ranar da ya wuce ta bayan aiki ranar farin ciki ce.

Mako na 1 da na 2, kaɗan-kaɗan ake yi amma sau da yawa. A tashi duk bayan awa ɗaya ko biyu a yi tafiyar ƴan mintoci a fili maras gargada. Taku ƴan ɗaruruwa a yini ba abin kunya ba ne a wannan lokaci, kuma tsere da lamba yanzu kumburi kawai zai jawo. A kwance a riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa don jini ya gudana, a matse tsokar cinya a ƙirga biyar a saki. Bayan kowane motsa jiki a ɗaga ƙafa sama da ƙirji, a naɗe ƙanƙarar leda a tsumma mai tsabta a ɗora minti 15 zuwa 20, kada ruwa ya taɓa ɗinkin. A sha maganin ciwo kafin motsa jiki kamar yadda aka rubuta, a kuma shanye maganin hana daskarewar jini har ya ƙare. Akan cire zare tsakanin kwana 10 da 14, kuma a wannan lokacin ake so gwiwa ta kusa lanƙwasa digiri 90, wato yadda take idan mutum ya zauna a kujera tafin ƙafa na ƙasa.

Mako na 3 zuwa na 6, a nan agogo ke fara biyan kuɗinsa. Kowace Juma'a a tara takun kwana bakwai a raba gida bakwai. Mu ɗauka jimillar ta zama 8,400, matsakaicin yini 1,200 ke nan. Mako mai zuwa sai a nufi 1,300 ko 1,400, ba 2,500 ba. Alƙalin da ke yanke hukunci shi ne safiyar gobe: in an wayi gari ciwo da kumburi sun koma yadda suke jiya da safe, gwiwa ta amince, a ci gaba. In sun ƙaru, an zarce, a koma lambar baya na kwana biyu, a ƙara ƙanƙara da ɗaga ƙafa, amma kada a daina lanƙwasawa. A cikin waɗannan makonni ne yawanci ake barin ƙarfe a koma sanda. Sandar a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya ake riƙe ta, ta sauka tare da ƙafar da aka yi wa aiki. A dakali ko matakala, mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka.

Mako na 7 zuwa na 12, a ci gaba da ƙara kusan kashi ɗaya cikin goma kowane mako. A haɗa da gwajin kujera: a zauna a kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango, a ƙirga sau nawa za a tashi a zauna cikin daƙiƙa 30. Yawancin mutane sukan kai digiri 110 zuwa 120 a wannan zango. Idan mako 6 ya cika gwiwa ba ta kai 90 ba, a sanar da likita ba tare da jira ba. Akwai yadda ake sa mutum barci a lanƙwasa masa ita, kuma ya fi yin amfani kafin wata 3 ya cika.

Bayan wata 3 sauƙi na ci gaba da zuwa har shekara guda. Ɗumin gwiwa da ɗan kumburin yamma kan daɗe watanni. Gaskiya kuma a faɗe ta: kusan mutum 1 cikin 5 yakan ci gaba da jin wani ciwo ko rashin gamsuwa, ko da ya yi duk abin da aka ce.

Zancen taku dubu goma

Yawancin agogo suna zuwa an saita musu 10,000 a matsayin burin yini. A sauya shi tun ranar farko. Wannan lamba daga talla ta fito: a 1965 wani kamfanin Japan, Yamasa, ya fitar da na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'anar sunan ita ce ma'aunin taku dubu goma. Lambar da ta fi dacewa da masu gwiwa ta fito ne daga wani bincike na Amurka a 2014 kan mutum kusan 1,800 masu amosanin gwiwa ko waɗanda ke dab da kamuwa, inda aka ga masu kai taku 6,000 a yini sun fi tsira daga naƙasar tafiya. Wannan ma buri ne na watanni masu zuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsoho ya fi gane wuri a kan lamba, don haka a mayar masa da lambar wuri. A ɗaura wa yaro agogon ya auno: daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa masallacin unguwa, daga gida zuwa garka. A ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kai, tunda takun mai jinya gajere ne, sannan a ninka biyu saboda dawowa. Da haka za a iya cewa, "Baba, wannan makon iyakarka gindin darbejiya, masallaci sai mako na sama."

Gida, yashi, zafi da salla

Kafin a dawo daga asibiti a gyara gida. A samu gado da kujera masu tsayi, yadda ƙugu zai ɗan fi gwiwa bisa. A sa mai walda ko kafinta ya ƙera kujera mai huda da abin dafawa, a ɗora a kan bakin masai, domin tsugunno yana neman lanƙwasar da ta wuce digiri 130, abin da sabuwar gwiwa ba kasafai take kaiwa ba. A kwashe tabarmi masu naɗewa, da turmi, da igiyar awaki daga hanya, a ajiye tocila kusa da gado. Faɗuwa ɗaya na iya karya ƙashin da ke riƙe da ƙarfen.

Titunanmu yashi ne, ƙafar ƙarfen dogarawa na nutsewa a ciki, kuma taku 500 a yashi ya fi 500 a siminti gajiyarwa. A fara a daɓe ko ƙasa mai tauri, da takalmi mai riƙe diddige, a ajiye silifa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a yi tafiya bayan asuba da kuma dab da magariba, a sha ruwa sosai. Da damina, in Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa ƙasa ta yi santsi, a yi zagayen a rumfa ko cikin zaure.

Zaman tahiya yana neman lanƙwasa kusan digiri 150. Addini ya sauƙaƙa wa maras lafiya ya yi salla a zaune, don haka a sa kujera a gefen sahu ba tare da jin nauyi ba. Durƙuso a kan sabuwar gwiwa sai likita ya ba da izini.

Abin da agogo ba ya gani

Akwai alamomin da ba a jira Juma'a a kansu. In sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi da tauri, ana tsoron jini ya daskare a jijiya. In numfashi ya yi wuya farat ɗaya ko ƙirji ya soke, ƙila gudan jinin ya kai huhu, a nufi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne. In raunin ya yi ja yana yaɗuwa, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, ko masassara ta zo da ƙarin ciwon gwiwa, a je a duba. A ƙasarmu, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, kowace masassara cizon sauro ake ɗora wa, a sayi magani a teburin bakin hanya. Mai ƙarfe a gwiwa ba ya yin haka: a yi gwajin jini a asibitin Madarumfa ko Maraɗi, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya cewa akwai ƙarfe a ciki.

Maɗori da wanzami suna da wurinsu a cikin al'umma, amma wannan gwiwa ta fita daga hannunsu. Babu tsaga, babu ƙaho, babu sakiya, babu murɗawa da ƙarfi, babu shafa haɗin gargajiya a kan ɗinki. Ƙwayar cuta in ta kama jikin ƙarfe magani ba ya isa gare ta da sauƙi, sau da yawa sai an sake buɗe gwiwar, wani lokaci a cire ƙarfen gaba ɗaya.

Agogo na iya ba da ɗan haske a nan. In taku ya faɗi da rabi kwana biyu ko uku a jere babu dalili, ko bugun zuciyar hutu ya tashi sama da yadda aka saba, a tambayi mai gwiwar da kyau. Tsofaffinmu gwanayen "lafiya lau" ne, ko da ciwo na cinsu.

Saƙon mako zuwa ga likita

Kafin a baro asibiti a roƙi lambar da za a riƙa tura rahoto, a kuma tambayi adadin takun da likitan yake so a makonnin farko, domin wasu sukan taƙaita shi da gangan don kumburi ya sauka. Sau ɗaya a mako a tura ta WhatsApp: hoton shafin littafi, hoton gwiwa daga gefe a lanƙwashe da kuma a miƙe, hoton ɗinkin a cikin haske, da bidiyon tafiya na rabin minti. A ɗauki hoton daga wuri ɗaya kowane mako, waya daidai da tsayin gwiwa. Saƙon ya zama gajere: mako na nawa, matsakaicin taku, ciwo, kumburi, sai tambaya ɗaya ko biyu. Likitan da ke da layin marasa lafiya a ƙofa zai fi amsa wannan a kan saƙon murya na minti bakwai. Ranar zuwa wajen kine a Maraɗi kuma, littafin ya riga kowa shiga mota.

Gwaggo ta yi wata biyar kafin ta cika burin da ta ɗaukar wa kanta tun a gadon asibiti, wato ta taka da ƙafarta har bakin Tafkin Madarumfa, inda masu ziyara ke zuwa kaburburan waliyyai 99. Da sanda ta je, ta huta sau biyu a hanya, aka dawo da ita a mota. Littafinta yana nan, shafi bayan shafi da rubutun jikanta.

Kai da ke shirin kai mahaifi ko mahaifiya wannan aiki, bayan kuɗin tiyata da na mota ka ware na agogo, da littafi, da tef ɗin tela, da kujerar ban-ɗaki. Sannan ka zaɓi mutum ɗaya a gida wanda zai riƙa karanta lambar yana rubutawa kowane dare har wata uku. In ba a samu wannan mutumin ba, kada a wahalar da kai sayen agogon. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.